Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Iyaye, 'yan makarantarmu sun kawo mana gardama: har yaushe ya kamata a riƙa yi wa tsohuwar na'urar wasa sababbin wasanni?

Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation 2 a 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150. Ƙanwarta ta zo a 2006, amma ba a yi watsi da yayar ba. An yi ta yi mata wasan ƙwallo har 2013.

A ganinmu daidai ke nan. Muddin na'ura tana aiki a gidaje masu yawa, a ba ta rabonta. Uban da ya saya da guminsa, kada a kunyata shi gaban ɗansa.