Alarma na kuka, mu kuma muna sayen kayan sata

Yau maganar satar mota za mu yi, kuma ba za mu yi ta da lallashi ba.

Duk sanda aka ɗauke motar wani daga ƙofar gida, ko masallacin Juma'a, ko wurin biki, tambaya guda muke yi: "Ba shi da alarma ne? Bai sa GPS ba?" Kamar dai laifin nasa ne. To mu tsaya mu dubi kayan tsaron nan ɗaya-ɗaya.

Alarma tukuna. Tsakaninmu da Allah, wa ke fitowa in ya ji kukanta da ƙarfe biyu na dare? Akuya ta goga jikinta, ta yi kuka. Yaro ya buga ƙwallo, ta yi kuka. Har mun saba. Ƙarfen da ake maƙala wa sitiyari kuwa, ɓarawo ba ya wahala da shi, sitiyarin yake yankewa ya zare ƙarfen. GPS ya fi su amfani, amma da layin talho yake aiki. In ba kredi, ko ba rezo, ko ɓarawo ya gano inda makaniki ya ɓoye shi, shi ke nan. Kuma daga Maraɗi zuwa iyakar Ɗan Isa bai kai tafiyar awa guda ba, Ƙonni kuwa ga Illela nan kusa da ita. Kafin mai mota ya farka ya duba talho, an yi nisa.

Ba muna cewa a zubar da su ba ne. A Turai, tun 1998 aka tilasta sa wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi in ba da makullinsa na asali ba, kuma sata ta ragu ƙwarai. Sai ɓarayi sunka koma satar makullin, ko kwafar siginar motocin da ake tayarwa da maɓalli. Wato kayan nan ɓata wa ɓarawo lokaci suke yi. Wannan ma riba ce: in ya ga motarka za ta ci mashi minti goma, sai ya nemi ta maƙwabci. Amma satar ba ta mutu ba, gida kawai ta sake.

Ga abin da ba mu so a faɗa. Ɓarawo ba ya cin Hilux, ba ya sha. Sayarwa yake, ko dai gaba ɗayanta, ko a wargaza ta cikin dare guda. Wa ke saye? Mu ne. Mu ne makaniki ke ce wa "akwai inji mai kyau, rabin kuɗɗi," mu ce Alhamdu lillahi, ba mu tambayi daga ina ba. Mu ne ake kawo ma Corolla a farashin da ko babur mai kyau ba ya kai, kart griz ɗinta "tana hanya," mu biya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma da ɗan gari kan ci gari. Makullin da muke barin wa mai wanki ko garaji yini guda, wa ya ce ba a yanka irinsa ba?

Don haka mu gyara. Kowace mota tana da lambar shasi, galibi mai haruffa da lambobi 17. Kafin ka ba da ko dala, ka duba ta a jikin motar, ka gwada da ta kart griz, ku tafi komisariya ko wurin jandarmomi tare da mai sayarwa. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗɗinka. Interpol na da rajistar motocin sata ta duniya, hukumominmu su riƙa duba ta a bakin iyaka, su kuma sa ido kan wuraren da ake wargaza motoci. Shugabannin makanikai da dillalai, kun san na banza cikinku, ku fidda su.

Ka sa alarma, ka sa GPS, ka biya gardi haƙƙinsa. Amma ranar da ka sayi fitilar sata don araha, ka sani kai ka biya kuɗin aikin wanda zai zo ƙofar gidanka gobe.

Muna jiran ra'ayoyinku a nan ƙasa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.