Yadda Ake Dafa Zomo A Gida

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, wannan zomon daji ke nan. Na gida dusa da harawa kawai yake bukata, macen kuwa wata 1 take yi da ciki, ta haifi 'ya'ya 6 ko fiye. A Konduga, inda rikicin Boko Haram ya raba magidanta da yawa da dabbobinsu, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Mai shakkar halaccinsa ya tuna Buhari ya ruwaito an kai wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, naman zomo, ya karɓa.

Wuyar girkinsa guda ce, watau rashin kitse. In uwargida ta ɗora shi bisa garwashi kamar naman rago, lalle zai bushe ya gagari haƙori. Farfesu ya fi dacewa da shi. A yayyanka, a soya sama-sama da man gyaɗa, a zuba ruwa da albasa, citta, masoro da 'yar daddawa, a rage wuta ya yi kamar awa 1, tsoho ya fi haka. Mai son gashi kuwa sai ya fara sulala shi, kana ya shafe shi da mai da yajin ƙuli.