Kafin Mu Kwaikwayi Bankin Matalauta

Yau ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata da yawa suna ɗokin buɗe asusun ba da rance, domin sun ji ya yi albarka a wani wuri. Niyyar tana da kyau, amma ina roƙo mu tsaya mu duba tukuna.

A shekarar 1976 wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na ƙasar Bangaladash. Daga nan Bankin Grameen ya tsiro a 1983, har shi da bankin suka sami lambar Nobel a 2006. Ba a karɓar jingina. Masu rance, yawancinsu mata, sukan haɗu biyar biyar, su taru kowane mako su biya kaɗan kaɗan, su kuma yi ajiya. Ma'aikacin banki shi ne yake zuwa ƙauye.

A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank da irin wannan manufa. Suna ya yi daɗi, rassa sun bazu, amma mutane da yawa suka ɗauki rancen tamkar rabonsu ne na dukiyar ƙasa, suka ƙi biya. A shekarar 2000 aka haɗe shi da bankin manoma. An kwafi ganye, an bar saiwa.

Saiwar kuwa ita ce taron mako-mako, da littafin lissafi da kowa zai iya dubawa, da kunyar maƙwabciya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama iyayenmu mata sun daɗe suna adashi ba tare da takardar kotu ba.

Saboda haka shawarata ga dattawan ikilisiya uku ce. Ku aiki mutum biyu su zauna wurin waɗanda shirin ya yi musu kyau, su koyi aikin da idonsu. Ku fara da ƙungiya ɗaya, a kan ajiyar membobi, ba kuɗin baiko ba. Ku kuma daidaita lokacin biya da kaka, gama manomi ba ya samun kuɗi kowane mako kamar mai tuya ƙosai.

In asusu ya rushe, ba kuɗi kaɗai ke ɓata ba. Gwauruwa ta rasa ajiyarta, ma'aji ya rasa mutuncinsa, waɗansu su daina zuwa sujada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya ba mu hikima, amin.