Ƙafar Offiah tana nan a Wurno

Martin Offiah, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, tsohon ɗan wasan gefe ne a zari-ruga. Aikinsa ya cafe ƙwallo, ya sheƙa, ya dire ta bayan layi, kuma sau 501 ya yi hakan. A 1992 ƙungiyar Wigan ta saye shi daga Widnes kan fam 440,000.

Wallahi ina ganin irin ƙafarsa a fadamun Wurno da Goronyo: yaro ba takalmi, yana korar tsuntsaye daga shinkafa, ko babba bai kamo shi. Shi Offiah a makaranta ya fara, koci Doug Laughton ya hango shi a 1987. Namu wa ke kallonsu? Ya kamata Gwamnatin Sakkwato ta riƙa haɗa makarantun Rabah, Wurno da Goronyo tsere duk shekara, ta zaunar da masu horarwa a bakin fili.