Ɗakunan karatunmu: a bar ƙidayar littattafai, a buɗe su a gani

A watan Maris na 2025 abubuwa biyu suka faru kusan a jere. Nijar ta sanar da ficewarta daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sannan sabon kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An sha muhawara a fada da gidajen rediyo, amma ba a cika tuna ɗakunan karatu ba. Alhali ɗakunan nan da ake kira CLAC a garuruwanmu, da tallafin OIF ɗin aka kafa su, aka zuba musu littattafai. To yanzu wa zai ci gaba da zubawa? Kafin a kai nan ma, sai mun san me ke ciki.

Idan baƙo ya zo, abin da ake gaya masa shi ne adadi: muna da littafi dubu kaza. Jama'a, rumbu cike da ƙaiƙayi shi ma cike yake. Awon gaskiya fanni fanni ake yin sa, kanta bayan kanta.

A fara da kantar lafiya, don can ne kuskure ke kisa. A buɗe kowane littafi a duba shekarar da aka buga shi. Wanda har yanzu yake cewa nibakin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, likita ta daɗe da barin wannan magana, kuma ɗan lakkwal da ya karanta zai je gida ya gaya wa uwarsa da ƙarfin zuciya, don "a littafi na gani". Irin wannan cire shi ya fi ajiye shi. Haka taswirar da ke nuna Sudan ƙasa guda: tun 2011 ta rabu biyu, kuma mai shirin jarrabawar BEPC shi zai biya kuɗin kuskuren.

Kantar noma kuwa, tambayar ita ce noman wa? Littafin alkama da inabi na Turai kyakkyawa ne, amma manomin Gidan Rumji hatsi da wake yake shukawa, na Galmi albasa. Akwai abin karantawa a kan tsutsar zangarniya? A kan ajiyar wake kada ya yi ƙwari? A kan barin gawo ya tofo cikin gona, aikin da aka san manoman Maraɗi da Damagaram da shi har a ƙasashen waje? Cibiyar binciken noma ta INRAN tana nan, sai a nemi takardunta su iso kanta.

A tarihi awon ya fi sauƙi. A nemi littafin André Salifou a kan Damagaram, da na Djibo Hamani a kan Adar, da Sarraounia na Abdoulaye Mamani. Jami'o'in Damagaram da Tawa sunan mutum biyun farko suke ɗauke da shi. Abin kunya ne yaro ya san sunan a bakin ƙofa, ya rasa littafin a ciki.

Sai harshe. A ƙirga nawa ne na Hausa, na boko da na ajami, a cikin kowane fanni, ba a kantar tatsuniya kaɗai ba. Matar da ta gama yaƙi da jahilci ta iya karatu, sai dai in ba ta sami abin karantawa ba, hannun agogo zai koma baya.

Wannan aiki ba ya bukatar ƙwararre daga Yamai. Malamin lakkwal, ma'aikacin likita da malamin gona, kowa ya ɗauki kantarsa yini guda, tare da mai kula da ɗakin da rajistar aro a hannu, don ita ke faɗin littafin da ya shekara ba a taɓa ba, da wanda ya yage don yawan hannu. Abin da suka rubuta a kai wa ma'aikatar magajin gari.

Ƴan uwa na Legas, Abijan da Aljeriya masu aiko da kwali, Allah ya saka. Amma kafin ku ɗaure kaya, ku bugo waya a karanta muku wannan takarda tukuna.