Ikon Kotu Na Sa A Sake Bincike: Darasi Daga Shari'ar Bilkis Bano

Alƙali ba ya halartar wurin da aka aikata laifi. Abin da ya ke gani shi ne abin da 'yan sanda suka tattara suka ɗora masa bisa tebur, watau takardun bincike, da shaidu, da rahoton likita. In kuwa haka ne, to, duk wanda ya lalata bincike ya riga ya yanke hukunci tun kafin a shiga kotu. Saboda haka wajibi ne kotu ta kasance da ikon cewa binciken da aka kawo mata bai gamsar ba, a koma a sake.

Ƙasar Indiya ta ba da misalin da ya isa a yi nazari a kansa. A watan Maris na 2002, lokacin rikicin jihar Gujarat, waɗansu gungun mutane suka far wa wata mata mai suna Bilkis Bano tana ɗauke da juna biyu, suka yi mata fyaɗe, suka kashe danginta, har da 'yarta mai shekara uku. Ta kai ƙara, ta ambaci waɗanda ta gane a cikinsu, amma 'yan sandan jihar suka rufe fayil da hujjar wai ba a samu masu laifin ba, majistare kuma ya amince. Da maganar ta tsaya nan, da shi ke nan an binne ta.

A watan Disamba na 2003 Kotun Ƙoli ta Indiya ta umarci hukumar bincike ta tarayya, CBI, ta karɓi aikin. Masu binciken suka tono gawawwaki, suka sake jin shaidu, suka kuma gano cewa an yi wa binciken farko maguɗi da gangan. A 2004 aka ɗauke shari'ar daga Gujarat zuwa Mumbai domin shaidu su sami natsuwar faɗin gaskiya. A watan Janairu na 2008 aka yanke wa mutum 11 ɗaurin rai da rai, a 2017 kuma Babbar Kotun Bombay ta tabbatar da hukuncin, ta kuma kama waɗansu 'yan sanda da likitoci biyu da laifin ɓatar da shaida. Laifin nan ɗaya ne, mai ƙara ɗaya ce, abin da ya sauya kawai shi ne hannun da ya riƙe binciken.

Masu adawa da wannan iko suna da hujjojin da ba a yar da su ba. Na farko, sun ce bincike aikin hukumar zartarwa ne, alƙalin da ya tsoma baki a cikinsa ya zama mai ƙara kuma mai hukunci. Na biyu, sun ce wanda a ke tuhuma shi ma yana da hakki, domin in za a riƙa sake bincike duk sa'ad da wani bai ji daɗin sakamako ba, mutum zai ƙare rayuwarsa a tsare ba tare da an tabbatar masa da laifi ba.

Amsar hujja ta farko ita ce, kotu ba ita ke fita ta yi binciken da kanta ba. Umarni ta ke bayarwa ga wata hukuma, sa'an nan ta auna abin da aka kawo kamar yadda za ta auna kowace shaida. Hujja ta biyu kuwa abin da ta ke buƙata shi ne a sa wa ikon linzami. Haka kotunan Indiya suka yi. A shari'ar Vinay Tyagi ta 2012, Kotun Ƙoli ta bambance ƙarin bincike, wanda majistare ke iya umarta, da sabon bincike daga tushe, wanda ta keɓe wa manyan kotuna, ta kuma ce sai in ya bayyana cewa binciken farko ya gurɓata. Ban da haka, wannan iko yana kāre wanda aka ƙulla wa sharri kamar yadda ya ke kāre wanda aka zalunta, tun da ɗan sandan da zai iya ɓoye mai laifi zai iya laƙa wa marar laifi.

Wannan batu ya shafi Arewacin Nijeriya ta fuskar tarihi, domin dokar laifuffuka da ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960 an ɗauko ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan tushenta dokar Indiya ce ta 1860. Tun da an yi tarayya a tushe, babu aibu ga masana shari'a su dubi yadda waɗancan kotuna suka warware matsalar da ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jin an ce fayil ya ɓace. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kotun da ta sa aka sake binciken da ya karkace ba ta ƙwace aikin 'yan sanda ba, ta dai ƙi yarda ne a yi amfani da hatiminta wajen tabbatar da zalunci.