Zauren Iyali: Ƙaramin Fanni Kusa da Babba

Yanzu gidaje da dama suna da 'ya'ya a jami'o'in Amurka, waɗansu kuma a jami'ar nan ta Yola mai bin tsarin Amurka, wadda ta fara koyarwa a 2005. Yakan faru yaro ya aiko gida cewa yana so ya ƙara karatun sarrafa kasuwanci a kan injiniyancin da aka aike shi ya koya. Uba ya ji, hankalinsa ya tashi, gama yana tsammani yaron ya gaji da karatu mai wuya ne, yana neman hanyar gudu. Ba lalle haka ba ne. A wannan wata muna so mu bayyana al'amarin, domin iyaye su san abin da za su tambaya kafin su ce i ko a'a.

A yawancin jami'o'inmu, fannin da aka ɗauki ɗalibi a kansa shi zai bi har ya gama. A Amurka kuwa digiri na fari yakan ɗauki shekara huɗu, ana auna shi da abin da suke kira kiredit, wajen 120. Darasi guda na zango ɗaya yawanci kiredit 3 ne, watau wajen darussa 40 ke nan duka duka. Kashi mai yawa na babban fanni ne, wanda sunansa zai bi ɗalibi duk inda ya tafi. Wani kashi na ilimin da aka wajabta wa kowa ne. Ragowar kuma an bar wa ɗalibi ya zaɓa. Wannan 'yancin zaɓi ya yi ƙarfi ne tun zamanin Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, har magajinsa Lowell, da ya hau a 1909, ya ga abin ya yi yawa, ya sa kowa ya tsaya a kan fanni guda. Idan ɗalibi ya tattara darussan zaɓinsa wuri ɗaya, kamar guda biyar zuwa takwas, bisa ga ƙa'idar jami'arsa, shi ne ake ce da shi ƙaramin fanni.

To, me darussa shida na kasuwanci za su ba mutum? Yawanci akwai lissafin kuɗi irin na akanta, da tattalin arziki, da dabarun sayar da kaya, da sarrafa ma'aikata, da sanin yadda ake juya jari. A ganinmu na farkon nan ya fi sauran duka, ko da yake shi ne ɗalibai suka fi gudu.

Ga dalilinmu. A ce yarinya ta karanta haɗa magunguna, ta dawo ta buɗe shago. Ta san aikinta sarai, jama'a suna zuwa. Ta sayo magani na naira dubu 800, ta sayar a kan miliyan ɗaya. A takarda ta ci ribar dubu 200. Amma dubu 400 daga ciki bashi ne, wani na ƙaramin asibitin unguwa, wani na 'yan'uwa da ba ta iya hana su. Abin da ke hannunta dubu 600 ne, ga dilan da ya ba ta kaya yana jiran kuɗinsa ƙarshen wata, ga haya, ga albashin yaron shago. Tana da riba, ba ta da kuɗi. Ta haka sana'o'i masu kyau suke mutuwa alhali ciniki bai tsaya ba. Wanda ya zauna zango guda yana koyon bambancin riba da kuɗin hannu zai hango ramin nan tun daga nesa. Ba sabon ilimi ba ne ma, gama tun 1494 wani Ba'italiye mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a Benis yana bayyana yadda fatake ke rubuta kowane ciniki sau biyu, shiga da fita. Haka yake ga mai karatun noma da zai riƙe gonar kaji, da injiniyan da wata rana za a ce ya ƙiyasta kuɗin kwangila, da nas da za a ba ta riƙon sashe.

Amma kada a ɗauki abin fiye da yadda yake. Darussa shida ba sa mai da mutum akanta, ba su kuma kai digirin kasuwanci ba. A jami'o'i da yawa ba a ma rubuta ƙaramin fanni a kan takardar shaidar digiri, sai a takardar jerin darussa da maki. Mai ɗaukar ma'aikata zai fara duban babban fanni da irin makin da aka ci a ciki. Yaron da ya bar makinsa na injiniyanci ya zube saboda yana bin darussan ciniki ya yi mugun musaya.

Sai maganar kuɗin makaranta, wadda ta fi shafar aljihun uba. Idan darussan nan sun shiga cikin gurbin zaɓin da dā ma yake da shi, sau da yawa ba a ƙara ko kwabo. Amma fannoni kamar injiniyanci da aikin jinya a cike suke maƙil, gurbin zaɓi kaɗan ne. A nan ƙaramin fanni yana iya jawo ƙarin zango guda, da kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, duka da dala. In haka ne, mu dai muna ganin taura biyu ba ta taunuwa. Gara ya ɗauki darasin akanta da na juya jari kurum, ya bar sunan ƙaramin fannin ya tafi.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ɗalibai baƙi musamman. Mai bizar karatu a Amurka yana iya samun izinin aiki na wata 12 bayan ya gama, amma dole aikin ya dangana da babban fanninsa, ba ƙaramin ba. Tun 2016 kuma masu digirin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi suna iya neman ƙarin wata 24. Saboda haka idan kasuwancin ya yi wa yaro daɗi har ya ce zai juya ya mai da shi babban fanni, to, ya fara zama da ofishin ɗalibai baƙi na jami'arsa ya ji abin da zai rasa, tun da yake dokokin nan sukan sāke.

Ya ku iyaye, idan saƙon ya zo, ku roƙi yaron ya aiko muku da jerin darussan da sunayensu, da shekarar da zai gama in ya ƙara su, bayan ya ga malamin da ke ba shi shawara. Ya kuma yi wannan tun yana aji biyu, gama darussan suna bin juna ne, ba a shiga na juya jari sai an ci na akanta, waɗansu makarantun kasuwanci ma sai an cika takardar nema an kai wani maki kafin su buɗe wa ɗalibin wani sashe ƙofa.